Kaltumi Mai Banda da Auren da Ta Hana

Duk wanda ya san kasuwar kifi ta Lagdo a shekarun baya ya san Kaltumi mai banda, ko da bai san sunanta ba. Doguwar mace ce marar yawan magana, wadda hayaƙi ya rine wa fararen idanu har suka koma ruwan goro. Rumfarta tana ƙarshen layin masu banda, inda ƙasa ke gangarawa zuwa bakin tafki, kuma fataken Yola da na Garwa sun shaida cewa tarwaɗarta ba ta yin tsutsa a hanya. Ba ta bar dukiya ba, ba ta kuma riƙe wani muƙami ba. Abin da ya sa labarinta ya cancanci a adana shi ne wani hukunci da ta yanke da zuciya ɗaya domin ta ceci zuriyarta, da abin da hukuncin ya jawo wa 'yarta tilo.

Asalinta 'yar Garwa ce. Kakanninta fatake ne da suka zo daga ƙasar Kano da saƙi da goro, suka zauna cikin Fulani a bakin Binuwai. Sun iya Fulatanci kamar da shi aka haife su, amma a cikin gida Hausa suke yi. Da yake su 'yan ƙalilan ne a garin mutane, sun riƙe wata al'ada da ƙarfi: ba su cika kai 'ya'yansu mata waje ba. Ɗan wa ya auri 'yar ƙane, 'yar gwaggo ta auri ɗan kawu, tuwona maina. Dattawan gidan sukan ce ba rowa ba ce. Idan 'yarka tana hannun ɗan ɗan'uwanka, ko ta makance ko ta gurgunce, ba mai ɗaure mata kaya ya ce ta tafi gida, domin tana gida.

A kan wannan al'ada aka ɗaura wa Kaltumi aure da Sulaimanu, ɗan baffanta, wanda suka tashi a tsakar gida ɗaya. Tela ne mai sanyin hali, an san shi da iya aikin wuyan riga. Mahaifiyarsa ba 'yar dangi ba ce. Baffan Kaltumi ya auro ta daga wani ƙauye a wata tafiyar fatauci, kuma ta rasu tun Kaltumi tana ƙarama. Abin da take iya tunawa game da ita kaɗan ne: wata ramammiyar mata a kan tabarma, kanta yana juyawa, hannuwanta ba sa zama wuri ɗaya, manya suna korar yara daga ƙofarta. An ce iskoki ne suka shige ta a bakin kogi. Da ta rasu, aka binne zancen tare da ita.

Bayan an gama madatsar ruwa ta Lagdo, tafki ya cika, masunta suka kwararo daga ko'ina. Sulaimanu ya ɗauki keken ɗinkinsa ya bi su, domin duk inda jama'a ta taru sai an sa riga. A can Kaltumi ta koyi banda a hannun maƙwabciyarta Angélique, Kirista ce daga duwatsun Mandara, wadda ta sauko da mijinta neman abinci, take kuma jin Hausar kasuwa. Ita ta nuna mata yadda ake naɗe tarwaɗa a soke wutsiya a baki, da yadda ake kwantar da wuta ta zama hayaƙi zalla. Haihuwa huɗu Kaltumi ta yi. Uku suka koma tun suna ƙanana. Autar, Adawiyya, ita ce ta tsaya.

Adawiyya ba ta daɗe da shiga lakwal, wato makarantar boko, ba ciwon mahaifinta ya fara. Da fari yatsu ne. Sulaimanu ya kasa zura zare a allura, sai ya ce hasken rumfa ne bai isa ba. Daga nan kafaɗarsa ta riƙa zabura ba da saninsa ba, aikin wuya ya riƙa fitowa a karkace, masu kawo ɗinki suka janye. Da abin ya sauka ƙafafu, ya fara tangaɗi a hanya, sai aka ce tela yana leƙa gidan masu bil-bil, giyar dawa. Har limamin unguwa ya kira shi gefe ya yi masa nasiha. Mutumin da bai taɓa sanin ɗanɗanon giya ba ya dawo gida ya zauna a bakin gado, hawaye yana zuba, hannuwansa suna ta motsi a kan cinyarsa. Daga baya aka bar zancen giya aka koma sammu, aka sha rubutu, aka yi turare. Haƙurinsa ya ƙare, ya zama mai saurin fushi, sannan magana ta fara sarƙe masa.

Ana cikin haka labari ya zo daga Garwa cewa Turai, ƙanwarsa da suke ciki ɗaya, ta fara irin wannan motsi. Daga ranar ba a ƙara cewa sammu ba. Aka fara raɗa cewa ciwon gida ne.

Wata rana Kaltumi ta je asibitin sha-ka-tafi karɓar maganin tari, ta tarar an tara mata masu ciki a gindin bishiya, wata ma'aikaciyar jinya tana yi musu bayani a kan amosanin jini, wato sikila. Tana magana da Faransanci, wani yana juyawa da Fulatanci. Ta ce akwai cututtukan da ke kwance a cikin jini ba a ganinsu, kuma idan dangi suka yawaita auren juna, sai na uwa ya gamu da na uba su tashi a jikin ɗa. Game da cutar da take magana a kai, gaskiya ta faɗa. Amma Kaltumi ba sikila ta ji ba. Mijinta ta gani, da Turai, da gidan kakanninta inda jini ya daɗe yana zagaye wuri ɗaya kamar ruwan kududdufi. Matar nan ta kan tabarma ba ta faɗo mata a rai ba, domin ciwon waccan an riga an ba shi suna, kuma sunan iskoki ne.

Da ta koma rumfa ta tsuguna kusa da Angélique, wadda ake kira da sunan ɗanta na fari.

"Maman Parfait, ku a dutse kuna auren dangi?"

"Mu? Allah ya kiyaye. Ko a kakan kaka kuka haɗu da yarinya, 'yar'uwarka ce. Sai ka sauka dutsenku ka hau wani dutse ka nemo mata."

"Kuma ba ku da irin ciwon nan?"

"Muna da namu, yunwa da ciwon gwiwa. Amma irin na maigidanki ban taɓa gani ba. Ku Hausawa kun cika rowa, Hajiyar hayaƙi. Ko 'ya'ya ba ku ba maƙwabta."

"Ji mai magana. Ke da ake roƙonki gishiri ki ce ya jiƙe."

Suka yi dariya, amma Kaltumi ta ɗauki maganar ta ajiye. A ranar ta ƙudurta cewa ita ce mace ta ƙarshe a zuriyarta da za ta auri ɗan dangi.

Sulaimanu ya yi shekaru sama da goma a cikin ciwon. A ƙarshe ko ruwa sai da dabara yake wucewa. Kaltumi ta koyi dama masa kunu mai kauri, ta koyi zaunar da shi ta tallafe masa kai, ta koyi jira har ya haɗiye. Adawiyya ta girma tana taimaka mata. Ya rasu ya rame kamar kara, aka kai shi makwancinsa a Lagdo.

Bayan ta fita takaba da kusan shekara, yayanta Abdulbaƙi ya zo daga Garwa da ƙullin goro. Mai shagon atamfa ne a babbar kasuwa, kuma shi ne babba a gidan a lokacin. Ga Adawiyya shi kawu ne ta wajen uwa, baffa ne kuma ta wajen uba. Ɗansa Nafi'u da Adawiyya taubasai ne, tun suna yara suke tsokanar juna, shi yana ce mata kifin banda, ita tana ce masa ɗan awon yadi. Kowa ya san inda wasan zai ƙare, su ma sun sani, kuma ba wanda ya ƙi a cikinsu.

"Kaltumi," in ji shi, "na zo ɗaukar 'yata in kai ta gida. Yaro ya yi magana, yarinya kuma na san ba ta ƙi ba."

Ta sunkuyar da kai. "Yaya, ka yi haƙuri. Ba zan iya ba."

"Wani ya riga mu ne?"

"Ba kowa. Jinin ne nake tsoro. Ka ga yadda Malam maigidana ya ƙare, ka ga Turai. Likitoci sun ce auren gida ne ke tayar da irin wannan. Jininmu ya lalace, Yaya. Idan muka ƙara ƙulla shi, 'ya'yan da za su haifa muka kashe."

Ya daɗe yana dubanta. "Ni da ke uwa ɗaya uba ɗaya. Kin ga ina rawa?"

"Ban gani ba. Amma yana kwance."

"To," in ji shi. Ya miƙe, ya bar goron a inda yake.

Adawiyya ta yi kuka ta gaji, amma ta ga abin da mahaifinta ya sha, kuma ta gaskata uwarta. Bayan shekara biyu ita da kanta ta kawo maganar wani ɗan kasuwar shinkafa daga Yagwa, wanda ke zuwa Lagdo sari, mutumin kirki da ba ruwansa da danginsu ko ta wace fuska. Abdulbaƙi ya zo ya tsaya a matsayin waliyyi, ya ba da aure, ya shafa fatiha, ya shiga mota. Daga ranar bai ƙara taka gidan ƙanwarsa ba. Idan an yi rasuwa a dangi suka haɗu, sai su gaisa kamar mutanen da suka taɓa zama unguwa ɗaya.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwar Kaltumi. Adawiyya ta haifi mace, ta haifi namiji, duka lafiyayyu. Duk bayan girbi Kaltumi takan cika kwali da karfasa da tarwaɗa ta hau mota zuwa Yagwa, ta zauna a tsakar gidan surukanta tana kallon jikokinta suna guje-guje. Takan ce a ranta ta rasa ɗan'uwa amma ta fanshi waɗannan, kuma cinikin bai faɗi ba.

A irin wannan ziyara ce ta ga 'yarta tana tsince shinkafa a faranti, ƙaramin yatsanta yana zabura shi kaɗai. Adawiyya ta lura uwarta ta gani, ta sa hannun a ƙarƙashin zane.

Mutanen Yagwa ba su san Sulaimanu ba, ba su san yadda abin ke tafiya ba. Da Adawiyya ta fara sakin kwanuka, ta kifar da tukunyar miya a ƙafarta, ta fara faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, sai suka ce iskoki ne. Mijin ya yi iya ƙoƙarinsa a wurin malamai da masu magani. Da abin ya ƙi, danginsa suka ce yaran suna tsorata. Ba a yi rigima ba. Aka ɗaure mata kayanta, aka ce ta je gida ta huta har ta sami sauƙi, yara kuma su zauna wurin ubansu saboda karatu. Bayan wasu watanni saki ya biyo ta.

Haka Kaltumi, da furfura da tarin da hayaƙin shekaru ya dasa mata a ƙirji, ta koma jinya karo na biyu. Ta rage banda. Angélique ta riƙa haɗa kifinta da nata tana sayar mata. Abin da ke hana Kaltumi sakat a lokacin ba ciwon ba ne, domin ta san shi ciki da waje. Ta san kuma yana daɗewa. Lissafin da take yi shi ne cewa ciwon zai fi ta tsawon rai, kuma ranar da aka fita da ita daga gidan nan, ba ta san hannun da zai ɗauki cokali ba.

Wani likita a Garwa, da ya ga Adawiyya, ya ce akwai masu bincike daga wata jami'a da ke bin irin waɗannan cututtuka na gado, kuma suna zuwa arewa lokaci-lokaci. Ta haka Kaltumi ta gamu da Dokta Solange, wadda ta tashi a unguwar Domayo ta Marwa, take kuma jin Fulatanci sosai, har ba su buƙaci tafinta ba. Ta duba Adawiyya, ta sa ta tafiya, ta sa ta miƙa harshe, ta nemi izininta kafin ta ɗibi jini. Ta gaya musu cewa yawancin abin da aka sani game da irin wannan ciwo a ƙasashen Turawa aka gano shi, kuma iyalan Afirka da aka bincika kaɗan ne, shi ya sa suke yawo suna tambaya. Sannan ta zauna da Kaltumi, tana kiranta Dada, wato uwa da Fulatanci, tana tambayarta dangi ɗaya bayan ɗaya, wa ya yi ciwon, wa bai yi ba.

"Mahaifin mijinki fa, Dada?"

"Baffa ya tsufa lafiya. Har ya rasu da ƙafarsa yake zuwa masallaci."

"'Yan uban mijinki?"

"Lafiyarsu lau."

"Mahaifiyarsa?"

"Ita ba 'yar gidanmu ba ce. Kuma nata daban ne, iskoki ne."

"Yaya iskokin suke yi mata?"

Kaltumi ta buɗe baki za ta kwatanta, sai ta ga hannunta ya ɗaga yana kwaikwayon motsin matar nan ta kan tabarma. Ta dubi hannun, ta dubi 'yarta da ke zaune a kan benci kanta yana juyawa. Ta mayar da hannun kan cinya.

Sakamakon jini ya ɗauki watanni. Da ya zo, Dokta Solange ta ce sunan ciwon cutar Huntington, kuma har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da shi ba, sai dai na rage motsi da na kwantar da hankali. Ta ga ƙullin goro a bakin zanen Kaltumi, ta roƙe ta ta kwance. Ta ware fari da ja a kan tebur.

"Kowane mutum yana da ƙwayoyin gado biyu-biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A ce jan goro shi ne mai ciwo. A sikila, sai ɗa ya karɓi ja daga uwa, ya karɓi ja daga uba, sannan ciwo ya tashi. Shi ya sa ake jan kunne a kan auren dangi. Wannan ba haka yake ba. Ja ɗaya ya isa. Ko da ɗayan fari ne tas, jan ne ke rinjaye."

Ta haɗa ja ɗaya da fari ɗaya. "Ga surukarki. Duk ɗan da ta haifa, ko ya ɗauki farin ko ya ɗauki jan, rabi da rabi. Mijinki ya ɗauki ja, Turai ta ɗauki ja. Ke biyunki farare ne. Adawiyya ta karɓi fari a wurinki, ta karɓi ja a wurin mahaifinta. Kuma idan ta wajen uba ya biyo, yakan zo da wuri."

"Aurena da ɗan baffana fa?"

"Ba shi ya kawo ba. Da bare ya aura, da haka 'ya'yansa za su kasance."

Kaltumi ta ce, "Jikokina ubansu bare ne. Ko kusa ba mu haɗa jini ba."

"Na sani, Dada. Kowannensu rabi da rabi ne. Ba a gwada yara. Idan sun girma, su za su zaɓa ko suna son su sani."

"Da ɗan yayana na ba wa ita fa?"

"Rabi da rabi."

"Ba ƙari, ba ragi."

"Babu."

Kaltumi ta tattara goronta ta ƙulle. Ta yi wa likitar godiya yadda ya kamata, ta ce Allah ya ba su sa'a a kan abin da suke nema, ko don na baya. A motar komawa Lagdo ta riƙe kan 'yarta a kafaɗarta don kada ya bugi ƙarfe, har suka sauka.

Sai da ta yi makonni tana juya abin kafin ta bar Adawiyya a hannun Angélique ta tafi Garwa. Da hantsi ta sami Abdulbaƙi a zaure. Ya tsufa, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, shago kuma ya koma hannun Nafi'u, wanda ya daɗe da yin aure har ya tara iyali.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Wannan murya kamar ta mutanen Lagdo."

"Ni ce, Yaya."

"Na sani. Hayaƙi ya riga ki shigowa. Zauna."

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi hanya, ya tambayi ruwa, ya tambayi kasuwa. Sannan ya ce, "Ya mai jiki?" Ta gane yana da labarin komai. Ta kwashe abin da likita ta faɗa ta gaya masa, ba ta rage ba.

"Wato da kin ba Nafi'u, da ba ta kamu ba?"

"Da ta kamu. Da shi aka haife ta."

"Ashe ba abin da zai canza."

"Abu ɗaya zai canza, Yaya. Da yanzu ba na zaune a nan ina neman inda zan ajiye ta."

Ya juya carbinsa. "Kin san abin da ya fi yi mini ciwo? Ba hana yaron ba ne, mata ba su ƙare ba. Cewa da kika yi yana kwance. Tun daga ranar, in na ɗauki kofin shayi sai na dubi hannuna. In yaro ya yi tuntuɓe a gidan nan sai gabana ya faɗi. Jikokina ma ban bar kallon yatsunsu ba. Na yi fushi da ke, kuma na gaskata ki. Biyun duka na riƙe."

"Ba jininmu ba ne. Ta wajen mahaifiyar Malam ya shigo."

"To yanzu baiwar Allah da ta daɗe a kabari za mu ɗora wa?"

"Ita ma gado ta yi. Kuma mun bar ta a kan tabarma muna korar yara."

Ya yi ajiyar zuciya. "Allah ya gafarta mana. Kaltumi, Adawiyya 'yata ce ta kowace fuska, ba sai kin roƙe ni ba. Amma ki dube ni. Ba zan iya ɗaga ta ba, ba zan iya ba ta abinci ba. In na ce ki kawo ta, da bakina na yi alheri, da hannun wata za a yi aikin. Wadda za ki roƙa tana cikin gida."

Balaraba yake nufi, matar Nafi'u, wadda ba 'yar dangi ba ce, kuma ta san sarai wadda mijinta ya fara nema kafin ita. Kaltumi ta shiga ta same ta tana wanke-wanke. Ta tsuguna a gabanta, abin da ya sa Balaraba ta yi saurin tsame hannu ta kama ta.

"Haba Gwaggo, tashi, kada ki sa ni cikin zunubi."

Kaltumi ba ta ɓoye mata komai ba: wanka, kashi da fitsari, faɗan da ba dalili, shekarun da ba a san adadinsu ba. Balaraba ta saurara har ƙarshe.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, Gwaggo, ina jin tsoro. Ban taɓa jinya irin wannan ba. In ta shaƙe a hannuna fa?"

"Ana koya."

"To sai ki koya mini. Amma ki gaya wa ɗanki Nafi'u ya daina cewa miyata ba gishiri, in ba haka ba shi zan fara ba wa kunun."

Kaltumi ta yi dariyar da ta ƙare da tari.

Da ta koma Lagdo ta gaya wa 'yarta za a mayar da ita gidan kawunta a Garwa. A lokacin maganar Adawiyya ta fara narkewa, sai wanda ya saba yake ganewa, amma hankalinta yana nan. Ta girgiza kai da gangan, abin da ya bambanta da girgizar ciwo, kuma uwarta ta san bambancin.

"Ba yanzu ba, Inna. Kada Nafi'u ya gan ni haka."

"Ɗan'uwanki ne."

"Shi ya sa. Sai ranar da ba ke."

Kaltumi ba ta matsa mata ba. Ta taɓa yanke mata hukunci sau ɗaya, ba ta ga dalilin ƙarawa ba. Sai aka shirya cewa Balaraba ce za ta riƙa zuwa. Takan hau motar safe daga Garwa idan ta sami sarari, ta yini, ta koma da yamma da ƙullin kifi. Ta koyi yadda ake juya mai jinya, da yadda ake naɗe tsumma a jikin ƙarfen gado don kada ta ƙuje. Abinci ne kawai Kaltumi ta ƙi saki. Kullum sai ta ce bari dai yau ta ba ta, gobe Balaraba ta gwada.

Angélique ce ta gaji. Wata rana da azahar, an dama kunu an kawo, ta fizge kwanon ta miƙa wa Balaraba.

"Hajiyar hayaƙi, gobenki ba ta ƙarewa. Kina jira sai kin mutu ki dawo ki koya mata?"

Kaltumi ta koma gefe ta zauna a kan turmi. Balaraba ta zaunar da Adawiyya, ta tallafe mata ƙeya, ta ɗebo kunu. Cokalin ya cika da yawa. Kaltumi ta gani, ta ɗaga hannu, sannan ta mayar da shi ta danne a ƙarƙashin cinyarta. Adawiyya ta ƙware, ta yi tari, kunu ya zubo a zane. Balaraba ta firgita ta waiwayo, amma Kaltumi ta kafa idonta a ƙasa. Da ba ta sami mai ceto ba, Balaraba ta sunkuyar da kan mai jinyar gaba, ta shafa mata baya har numfashi ya daidaita, ta goge mata baki. Ta sake ɗebowa, wannan karon rabin cokali, ta jira har ta ga maƙogwaro ya motsa. A hankali kwanon ya yi rabi.

"Ya isa haka, Gwaggo, ko in ƙara?"

"Tambaye ta," in ji Kaltumi. "Tana ji."

Kaltumi ta rasu a farkon daminar da ta biyo baya, ciwon ƙirji ne ya kwantar da ita na ɗan lokaci. Bayan an share makoki Nafi'u ya zo da mota, ya tsaya a waje, matarsa da Angélique suka shirya Adawiyya suka lulluɓe ta suka fito da ita. Tana gidan kawunta a Garwa, a ɗakin da ke kusa da na Balaraba. 'Ya'yanta suna Yagwa, babbar ta kusa gama lakwal, kuma har yanzu ba a sami wanda zai zauna ya yi musu bayani ba.